Me Ya Sa Bakin Ganyen Latas Yake Ƙonewa Alhali Ana Ba Shi Ruwa?

Tambaya: Wani manomin rani daga yankin Kura a Jihar Kano ya ce ya dasa latas a ƙarshen watan Janairu, shuka ta taso lafiya har ta fara naɗe kai, sai ya lura bakin ganyayen da ke ciki yana yin baƙi, wasu kawunan ma har sun fara yauƙi da wari. Gonarsa jigawa ce, yana yin bayi da inji duk bayan kwana uku, yana cika fangali taf kafin ya juya ruwa zuwa na gaba. Ya zuba takin yuriya sau biyu, ya fesa maganin ƙwari da na fumfuna, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Yana so ya san wace cuta ce wannan, kuma wane magani ya kamata ya saya.

Amsa: Malam, Allah ya yi wa noman albarka. Bisa ga yadda ka siffanta abin, ba ƙwayar cuta ce ta fara kama latas ɗinka ba, kuma babu wani magani a shagon masu kayan gona da za ka fesa ya tsayar da shi, don haka shawarata ta farko ita ce ka daina kashe kuɗi a kan feshi. Abin da kake gani shi ne ƙunar bakin ganye, wadda take faruwa idan sinadarin kalsiyam bai kai ga gefen ƙananan ganyayen da ke tsakiyar shuka ba a daidai lokacin da suke buɗewa. A mafi yawan gonaki kalsiyam ɗin yana nan a cikin ƙasa, abin da yake yankewa shi ne ruwan da zai ɗauke shi ya hau da shi. Yauƙi da warin da ka ambata daga baya suka zo, domin duk inda naman ganye ya mutu a cikin kai mai ɗumi da laima, ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da kayan lambu suna samun ƙofar shiga. Tushen matsalar yana cikin tazarar da kake bari tsakanin bayi da bayi, yuriyar da ka zuba da zafin da ya shigo kuma suka ƙara mata ƙarfi.

Kafin ka yarda da maganata, ka je gonar da sassafe ka tabbatar da idonka. Ka zaɓi kai guda wanda daga waje babu abin da ya same shi, ka ɓare ganyayen ɗaya bayan ɗaya har ka kai ga waɗanda ba su gama buɗewa ba, masu laushi da launi mai haske. Ka ɗaga ɗaya ka duba shi a hasken rana. Idan ƙunar bakin ganye ce, za ka ga ƙananan ɗigo masu launin ƙasa-ƙasa sun jeru kusa da baki, tsakanin siraran jijiyoyin ganyen, wasunsu suna sheƙin jiƙewa. A ganyen da ya ɗan girme shi, ɗigon sun haɗe sun zama zare guda mai duhu da ya bi gefe, gefen kuma ya tattare, domin shi ya daina girma yayin da tsakiyar ganyen take ci gaba da faɗi. Manyan ganyayen waje kuwa lafiyarsu lau. Wannan bambanci tsakanin ciki da waje shi ne ginshiƙin gane matsalar, domin akwai wata ƙunar da take kama tsofaffin ganyayen waje, kuma dalilinta dabam ne, zan zo kanta a gaba.

Dalilin da ya sa na ciki ne suke ƙonewa yana cikin yadda kalsiyam yake tafiya a jikin shuka. Sinadarai irin su naitirojin da fotash, shuka tana iya kwaso su daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan sun yi ƙaranci, shi ya sa rashin naitirojin yake fara bayyana a ganyayen ƙasa, su yi ɗorawa. Kalsiyam ba haka yake ba. Ruwan da saiwa ta tsotso kaɗai yake bi, inda ruwan ya ajiye shi nan yake zama, ya shiga ginin naman ganye, ba ya sake motsawa. Da rana, manyan ganyayen waje waɗanda rana da iska suke duka su ne suke fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsu, saboda haka su suke jan kusan duk ruwan da ya hau, tare da kalsiyam ɗin da ke cikinsa. Ganyayen ciki a rufe suke, iska ba ta taɓa su, ba sa fitar da ruwa sosai, don haka abin da suke samu kaɗan ne a lokacin da suka fi kowa buƙata. Rabonsu yana zuwa ne da dare, lokacin da ƙofofin ganye suka rufe, saiwa kuma ta ci gaba da tura ruwa sama da ƙarfin kanta har ya kai kowane lungu na shukar. Ɗigon ruwan nan da ake gani a jere a bakin ganye da asuba, wanda mutane da yawa suke ɗauka raɓa ce, shi ne shaidar cewa turin dare ya yi aiki. Sai dai saiwa ba ta iya wannan turi idan ƙasa ta kwana a bushe, ko gishiri ya yi mata yawa, ko kuma ruwa ya kwanta ya hana ta numfashi. 'Yan darare kaɗan a jere babu wannan turi, a makon da shuka take girma da sauri, sun isa su bar gefen sabon ganye babu ƙarfi. A nan ne jijiyoyin da suke ɗauke da farin ruwan nan mai ɗaci na latas suke fashewa, ruwan ya malala cikin naman ganye, wurin ya mutu ya yi duhu.

Yanzu mu auna tsarin bayinka da lissafi, domin a nan maganar take. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin latas ruwa ne, saiwarsa kuma ba ta da zurfi, musamman wanda aka dasa, saboda a wurin cirewa daga gadon reno babbar saiwar tana tsinkewa, sai ƙananan su bazu a sama-sama. Mafi yawansu ba sa wuce zurfin santimita 30, wato ƙafa ɗaya. Ƙasar jigawa mai wannan zurfi, idan ta sha ruwa ta tsane, abin da take riƙewa wanda shuka za ta iya tsotsa bai wuce kimanin lita 20 a kowace murabba'in mita ba. Duk abin da ka zuba fiye da haka yana zarcewa can ƙasa inda saiwa ba ta kai ba, yana kuma tafiya da takinka. Sannan ba duka lita 20 ɗin latas zai sha cikin sauƙi ba. A jagorar ban ruwa da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1998, an sa latas cikin amfanin gonar da suke fara jin ƙishi da zarar kashi 30 cikin 100 na wannan ruwa ya ƙare, wanda a gonarka ya kama lita 6 kacal. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris kuwa, a ƙasar Kano, fangalin da ganye ya rufe yana iya rasa lita 6 zuwa 7 a kowace murabba'in mita a yini guda. Ka ga ke nan ranar da ka yi bayi kaɗai shukar take cikin wadata. A rana ta biyu da ƙyar take samun abin sha, a ta uku tana kwana a busasshiyar ƙasa, sai ka zo ka cika fangali, ta zabura ta yi girma na gaggawa da ganyen da kalsiyam bai wadata ba. Jimillar ruwan da kake zubawa a mako wataƙila ta isa, ko ma ta yi yawa, rabonsa ne bai daidaita ba.

Ina zaton tsarin kwana ukun nan daga noman tumatir ka ɗauko shi, kamar yadda manoma da yawa a yankinku suke yi, kuma a can yana da hujja. Saiwar tumatir tana iya kai wa zurfin mita ɗaya idan ƙasa ta ba ta dama, kuma yana jurewa har kashi 40 cikin 100 na ruwan ya ƙare kafin ya takura. Latas ba shi da wannan ajiya. A ƙasar fadama mai laka da rairayi a haɗe, wadda take riƙe kusan ninki biyu na abin da jigawa take riƙewa, bayi duk bayan kwana biyu yana iya wadatar da shi, amma a jigawa, da zarar sanyi ya fara ja da baya, sai kullum.

Wannan ba yana nufin a riƙa malala masa ruwa ba iyaka ba, musamman ga masu noma a ƙasa mai danƙo. Saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa tana cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike kafofin nan ya kwana ya yini, sababbin saiwoyi masu laushi, waɗanda su ne suke tsotsar kalsiyam, su suke fara mutuwa. Shi ya sa ake samun manomi yana mamakin latas ɗinsa yana yaushi da tsakar rana alhali yana tsaye cikin taɓo, sai ya ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ruwan da ya zauna a fangali fiye da awa ɗaya ko biyu bayan an kashe inji alama ce ta cewa ko dai an zuba da yawa, ko ƙasar tana buƙatar a ɗaga gadon a fitar masa da magudana.

Hanyar da ta fi sauƙi ta sanin ko lokacin bayi ya yi ita ce hannu, kuma ba ta da kuɗi. Saman ƙasa yana yaudara, domin iskar hunturu tana busar da shi cikin awa kaɗan ko da ƙasan yana da damshi, yayyafi kaɗan kuma yana jiƙa shi ko da ƙasan a bushe yake. Ka tona tsakanin shuka biyu zuwa zurfin santimita 10 ko 15, ka ɗebo ƙasa cikin tafin hannu ka matse. Idan ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsu, ta sha da yawa. Idan ta dunƙule kamar curin fura, ta bar sanyi da ɗan damshi a tafin hannu, tana nan daidai. Idan ka buɗe hannu ta wargaje nan take, to ka makara, shukar ta riga ta shiga ƙishi. A jigawa dunƙulen ba ya da ƙarfi ko da yana da ruwa, saboda haka ka lura da launi da sanyi, ka saba da yadda ƙasarka take awa kaɗan bayan bayi da yadda take washegari da la'asar. Ka kuma riƙa yin wannan gwaji a wuri fiye da ɗaya, domin bakin fangali inda ruwa yake shigowa da ƙarshensa ba su taɓa shan ruwa daidai ba idan ba a daidaita ƙasar sosai ba, kuma sau da yawa za ka tarar ƙunar ta fi yawa a gefen da ya fi tudu. Akwai na'urar auna damshin ƙasa da ake kira tensiyomita, wadda ake kafawa a zurfin saiwa, kuma ga latas ana so a yi bayi tun lambar da take nunawa ba ta wuce 20 ba. Mai babbar gona za ta yi masa amfani, amma mai 'yan fangali kaɗan hannunsa ya ishe shi idan ya lizimci gwajin.

Kada ka jira ganye ya yi yaushi ya gaya maka. Ɗan lanƙwasar da ganye yake yi da tsakar rana a lokacin zafi, ya miƙe da la'asar, ba lallai ba ne ya zama rashin ruwa a ƙasa, domin wani lokaci rana ce take jan ruwa fiye da yadda saiwa za ta iya kawowa. Amma latas ɗin da ka tarar a kwance da safe ya daɗe yana wahala, kuma ɓarnar da aka yi wa ganyen ciki ta riga ta auku tun kafin ka gani.

Abin da nake ba ka shawara a kai shi ne ka rage yawan ruwan kowane zubi, ka ƙara yawan zubin. A watannin Disamba da Janairu, lita 4 zuwa 5 a kowace murabba'in mita a yini tana isar latas ɗin da ya rufe ƙasa, a Maris kuma sai 6 zuwa 7. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyar ke nan yana buƙatar kimanin lita 30 zuwa 35 a lokacin zafi, wato butar ban ruwa mai lita 10 sau uku da ɗan ɗori. A jigawa ya fi kyau a raba shi biyu, kaso mafi yawa da sassafe, sauran da la'asar sakaliya, domin ƙasa ta kwana da damshin da saiwa za ta yi turin dare da shi. Na la'asar ɗin a zuba shi a gindi, kada a kwarara shi a kan kai, saboda ruwan da ya shiga tsakanin ganyaye ya kwana shi ne yake kawo ruɓa. Na san abin da yake hana manomi yin bayi kullum, wato kuɗin fetur da wahalar jan tiyo, kuma ba ƙaramin uzuri ba ne. Amma idan ka lissafa, ruwan da kake turawa a cikar fangali guda wanda rabinsa yake zarcewa ƙasa, fetur ɗinsa ya kusa isar ka gajerun bayi biyu ko uku. Wasu suna cika durom ko ramin ajiya da safe yayin da inji yake aiki, su yi na la'asar da buta. Wanda kuma yake jiran layin ruwan kanal, wanda ba a hannunsa ranar zuwan ruwa take ba, gaskiya ita ce bai kamata ya dasa latas a jigawa a ƙarshen rani ba sai yana da rijiya ko ajiyar da zai cike giɓin.

Rufe ƙasa yana rage wannan wahala ƙwarai, kuma ku mutanen Kura kuna da abin rufin a ƙofar gida, domin ɓuntun shinkafa da bambaronta ba sa wuya a wajenku. Shimfiɗa mai kaurin yatsa biyu ko uku tsakanin layuka tana rage ruwan da rana take ɗauka daga saman ƙasa, tana sanyaya saiwa, tana kuma hana ƙasa fantsama jikin ganye. A shimfiɗa shi a sama kawai, kada a cuɗa ɗanyen ɓuntu cikin ƙasa domin yana riƙe naitirojin yayin da yake ruɓewa, kuma a bar ɗan fili a kewayen gindin shuka, a riƙa duba gara. Gyara na dindindin kuwa shi ne ruɓaɓɓen takin gargajiya kafin dashe, shekara bayan shekara, domin shi ne yake ƙara wa jigawa ƙarfin riƙe ruwa.

Sai maganar yuriya. Ta cutar da kai ta fuska biyu. Tana sa ganye ya yi girma da saurin da kalsiyam ba zai iya cim masa ba, sannan a cikin ƙasa tana fara rikiɗewa zuwa amoniyam, wanda yake gogayya da kalsiyam a bakin saiwa ya rage yawan wanda zai shiga. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake yi, ga kuma gishirin da yake ɗauke da shi. Manomi yana jin daɗi idan ya ga latas ya yi kore shar ya cika fangali kwana kaɗan bayan zuba yuriya, amma irin wannan ganye mai taushi shi ne ya fi saurin ƙonewa, shi ne kuma yake fara lalacewa a kwando kafin a kai kasuwar 'Yankaba. A wannan shukar kada ka ƙara ko kaɗan. A ta gaba ka sa takin NPK da na gargajiya tun a gyaran ƙasa, ka bi da ɗan naitirojin kaɗan-kaɗan a makonnin farko bayan dashe, ka dakata idan kai ya fara naɗewa. Idan ana samun takin kalsiyam naitiret a kusa da kai, ya fi yuriya dacewa da latas. Takin sufa shi ma yana ɗauke da kalsiyam mai yawa, don haka wanda yake sa shi a gyaran ƙasa da wuya ƙasarsa ta rasa. Toka kuwa, ko da yake akwai kalsiyam a cikinta, tana da fotash da kanwa, kuma yawanta yana iya ƙara matsalar.

Za a iya ce maka ka sayi ruwan kalsiyam na feshi. Ra'ayina a kai shi ne amfaninsa kaɗan ne ga latas mai naɗe kai, saboda feshin yana sauka a ganyayen waje waɗanda dama sun ƙoshi, kuma kamar yadda na bayyana, kalsiyam ba ya tashi daga wannan ganye ya koma wancan. Yana iya taimakawa a latas mai buɗaɗɗen ganye, ko kafin kai ya rufe, idan feshin yana shiga tsakiyar shuka kuma ana maimaita shi a kai a kai. Wanda bai gyara bayinsa ba kuwa, ko jarka nawa ya fesa ba zai ga canji ba.

Lokacin da ka dasa shi ma yana da nasa kaso. Latas shukar sanyi ce, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa yake yin kyau a tsaunukan Jos, a ƙasar Kano kuma sai a tsakiyar hunturu. Wanda aka dasa a ƙarshen Janairu yana naɗe kai ne a daidai lokacin da zafin rana yake haura digiri 35, dare kuma ya daina sanyi, saboda haka girma yana sauri, buƙatar ruwa tana ƙaruwa, ƙuna tana samun wuri. Zafin nan da ƙishi su ne kuma suke sa ganye ya yi ɗaci, shuka ta miƙe ta fitar da kara ta nemi yin fure tun kai bai cika ba. Ko irin ma ba ya son tsirowa idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 30. Mafi aminci shi ne a yi reno a Oktoba ko Nuwamba, a gama yanka kafin Fabrairu ya ƙare. Na fahimci mai neman kasuwar azumi ko ta salla ba koyaushe yake da zaɓi ba, tunda watan ne yake tsara masa lokaci. Idan dole sai an shiga zafi, a nemi irin da aka tanada domin ƙasashe masu zafi, irin su Eden da Minetto, ko a koma ga mai buɗaɗɗen ganye wanda iska take ratsa tsakiyarsa, a ba shi tazara mai kyau, a yi masa 'yar rumfa mai shara-shara da za ta rage zafin azahar ba tare da ta rufe haske gaba ɗaya ba.

Na yi alkawarin komawa kan ƙunar ganyayen waje. Idan ka tarar tsofaffin ganyaye ne bakinsu ya bushe ƙayau, yana karyewa idan an murza, na ciki kuma lafiya, to wannan ƙishi ne kai tsaye, ko busasshiyar iska, ko gishiri. Iskar hunturu tana fi dukan layukan da ke gefen arewa maso gabas, kuma shingen zana ko na kara a wannan gefe yana magance ta. Gishiri kuwa ya fi wuyar sha'ani. Alamarsa ita ce farin ɓawo da yake fitowa a kan kunya da bakin fangali idan ƙasa ta bushe, shuka ta tsumbure, ganye ya yi kore mai duhu da kauri. Latas ba ya jure gishiri: amfaninsa yana fara raguwa da zarar awon gishirin ƙasa ya wuce 1.3 a ma'aunin desisimen, kowane ƙarin maki ɗaya kuma yana cin kusan kashi 13 cikin 100, alhali tumatir yana jurewa har 2.5. Shi ya sa maƙwabcinka mai tumatir zai iya shan ruwa ɗaya da kai bai ga komai ba. Masu ban ruwa da ruwan kwatar cikin gari ko rijiya mai zartsi su suka fi haɗuwa da wannan, kuma a wurinsu gajeren bayi na kullum yana tara gishiri a sama, don haka sai sun riƙa yin bayi mai nauyi lokaci-lokaci da ruwa mai kyau domin ya wanke shi zuwa ƙasa. Wanda yake shakka yana iya kai samfurin ƙasa da na ruwa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya ko na Jami'ar Bayero, a auna masa.

Akwai kuma cututtuka na gaske da suke kama da rashin ruwa, kuma tumɓuke shuka guda yana bambance su. Saiwa mai lafiya fara ce tas mai yawan gashi. Idan ka ga ƙananan ƙulli-ƙulli a jikinta, tsutsar saiwa ce da ake kira nematod, wadda take son jigawa da gonar da aka daɗe ana maimaita tumatir ko kuɓewa, maganinta kuma canjin shuka ne zuwa hatsi kamar masara ko dawa. Idan saiwar ta yi launin ƙasa-ƙasa, ta yi laushi, fatarta tana saluɓewa, ruɓar saiwa ce da yawan ruwa yake kawowa. Idan kuma ruɓar ta faro daga ganyayen da suke kwance a ƙasa, da tabo mai launin tsatsa a jijiyar tsakiya, tana hawa sama, to fumfunar ƙasa ce, kuma ɗaga gado da rage jiƙa gindi sun fi feshi tasiri a kanta.

Game da shukar da ke gonarka yanzu, ganyen da ya ƙone ba zai warke ba, abin da za ka iya cetowa shi ne wanda bai fito ba tukuna. Ka koma bayi na kullum daga gobe, ka rufe ƙasa, ka dakatar da taki da feshi. Kawunan da suka fara wari ka tumɓuke su ka fitar da su daga gonar, kada ka bar su a kan kunya ko a hanyar ruwa. Waɗanda suka kai girman sayarwa ka yanke su ba tare da jiran su ƙara nauyi ba, domin makon ƙarshe kafin yanka shi ne lokacin da ƙuna ta fi ƙaruwa, kuma kai matsakaici mai tsabta ya fi babba wanda cikinsa ya yi baƙi daraja a wurin dillali. Ka yi yankan da sassafe, ka ajiye a inuwa, ka kuma duba kwanakin da aka rubuta a jikin robar maganin da ka fesa, ka tabbatar sun cika kafin ka kai kasuwa, tunda latas ɗanye ake cin sa.